Birni Mai Zub da Jini: Yadda Za Ka Nazarci Ezekiyel 22 Kafin Ka Koyar da Ita

Duk wanda aka taɓa ɗora wa jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako ya san akwai surorin da ake yi wa tsallaken rijiya. Zabura 23 kowa na sonta. Amma ranar da jadawali ya faɗo a kan Ezekiyel 22, inda Allah ya jera laifofin Urushalima ɗaya bayan ɗaya ya ce zai narkar da mutanenta kamar ƙarfe a wuta, malami yakan yi ɗayan biyu: ko ya karanta aya ta 30 kaɗai ya wuce, ko ya mai da surar bulala ya yi ta zane mutanen da ba sa cikin ɗakin.

Ni na biyun na yi, shekarun baya. Na kwashe kusan awa guda ina magana a kan masu tsafi da masu zuwa wurin boka, jama'a na ta gyaɗa kai. Da na ce ko akwai tambaya, sai wata tsohuwa da ke zama kusa da ƙofa saboda ciwon gwiwa ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ɗana, garin nan da Allah ke yi wa faɗa, ina Haikalinsa yake a lokacin?" Na ce, "Mama, a cikin garin yake." Ta ce, "To." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ni kuwa na koma gida na sake buɗe surar daga aya ta farko. Hanyar da zan shimfiɗa a nan daga wannan daren ta samo asali, kuma tana aiki ga kowace surar hukunci, ta Amos ce ko ta Yusha'u ko ta Irmiya.

Ka tanadi fassarar Hausa iri biyu in da hali, da fensir, da farar takarda babba, da kamar awa biyu da ba mai kiranka.

Na farko: karanta da murya, ka nemo gaɓoɓin

Annabawa faɗa suka yi kafin a rubuta, don haka kunne ya fi ido saurin kama su. Karanta surar duka da ƙarfi sau biyu ba tare da ka tsaya ba. A karo na uku ka sa alama duk inda aka ce maganar Ubangiji ta zo wa annabin. Za ka same ta a aya ta 1, ta 17 da ta 23. Wato saƙo uku ne aka jera: tuhumar birnin (1 zuwa 16), misalin maƙeri (17 zuwa 22), da kiran shugabanni ɗaya-ɗaya (23 zuwa 31). Kada ka gauraya su tun yanzu.

Na biyu: wa ke magana, daga ina, a wace shekara

Ezekiyel ɗan Buzi firist ne, kuma ba a Urushalima yake maganar nan ba. Yana Babila, cikin waɗanda aka kwashe, a bakin kogin Kebar. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya ci Urushalima karo na farko, ya tafi da sarki Yehoyakin da manyan gari da mayaƙa da masu sana'a, har da maƙera. 2 Sarakuna 24:14 ta ce mutum 10,000 ne. Wannan ba a Littafi kaɗai yake ba. Tarihin da Babilawa suka rubuta da kansu a allon yumɓu, wanda yanzu yake gidan tarihi na Birtaniya a Landan, ya ambaci cin birnin, kuma an tono wasu alluna a Babila masu lissafin man da ake ba Yehoyakin da 'ya'yansa a matsayin rabo.

Ezekiyel mutum ne mai rubuta kwanan wata, yana kuma ƙidaya daga shekarar da aka kwashe su. An kira shi a shekara ta biyar, wato 593. Sura 22 ba ta da kwanan wata nata, amma tana tsakanin biyu: 20:1, shekara ta bakwai (591), da 24:1, shekara ta tara, ranar da aka kewaye Urushalima da yaƙi, wajen farkon 588. Birnin ya faɗi aka ƙone Haikali a 586, wasu masana kuma suna lissafa 587. Ka rubuta waɗannan shekaru a saman takardarka. Amfaninsu shi ne su nuna maka cewa lokacin da ake wannan magana Haikali na nan tsaye, ana miƙa hadaya safe da yamma, Zadakiya na kan gadon sarauta, kuma akwai annabawan da ke cewa ba da daɗewa ba waɗanda aka kwashe za su dawo. Hananiya ma har wa'adin shekara biyu ya yanka (Irmiya 28). Masu sauraron Ezekiyel a Babila zuciyarsu na can gida, suna ganin muddin Haikali na tsaye ba abin da zai sami birnin.

Ka kuma tuna sun riga sun ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta. Samariya, babban birnin mulkin arewa, ta faɗa hannun Assuriyawa tun 722. Yahuza, mulkin kudu inda Urushalima take, ta gani, ba ta shafa wa nata ruwa ba, abin da sura 23 ta ba da labarinsa ke nan da misalin 'yan'uwa mata biyu.

Na uku: ka zauna kamar magatakardar kotu

Aya ta 2 da tambayar shari'a ta buɗe: ɗan mutum, za ka hukunta birnin nan mai zub da jini? To ka sanar da ita ayyukanta na banƙyama. Saboda haka ka ja layi ka raba takardarka gida huɗu: wanda ake tuhuma, laifin da aka ambata, dokar da aka karya, hukuncin da aka yanke. Gida na uku ka bar shi fanko tukuna.

Abin da zai taimake ka raba laifi da hukunci shi ne kalmar nan "saboda haka" ko "domin haka". Abin da ya zo kafinta tuhuma ne, abin da ya biyo bayanta hukunci ne. Ka neme ta a aya ta 4 da ta 19, ka duba yadda aya ta 31 ta rufe. Kusan duk annabawa haka suke gina maganarsu, kuma da zarar idonka ya saba da wannan za ka daina jin surorin hukunci kamar faɗan wanda ransa ya ɓaci kawai. Ba inda Allah ya yanke hukunci a nan ba tare da ya karanta takardar ƙara ba.

Wani ƙaramin abu: sunan nan "birnin jini" annabi Nahum ya taɓa laƙaba wa Nineba, hedkwatar Assuriyawa, waɗanda suka yi suna wajen rashin imani a yaƙi (Nahum 3:1). Ezekiyel ya ɗauko sunan abokan gaba ya manna wa birni mai tsarki. Ka yi tunanin yadda wannan zai sauka a kunnen mutumin da kullum yake fuskantar Urushalima in zai yi addu'a.

Na huɗu: ka cika gidan laifi, sannan ka ƙidaya

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Daga aya ta 3 zuwa ta 12 ka rubuta kowane laifi a layinsa, da kalmominka. Za ka sami zub da jini, ƙera gumaka, shugabanni masu amfani da ƙarfinsu su kashe, raina uwa da uba, cutar baƙo, zaluntar maraya da gwauruwa, wulaƙanta tsarkakan abubuwa, ɓata Asabar, masu tsegumin da ke sa a kashe mutum, cin abincin hadaya a kan tuddai, lalata iri-iri har cikin dangi (matar uba, matar maƙwabci, matar ɗa, 'yar'uwa), karɓar hanci don a zub da jini, ba da bashi da ruwa, da ƙwace.

Yanzu ka ɗauki fensir ka zagaye kalmar "jini" daga aya ta 1 zuwa ta 16. A Ibrananci sau bakwai ta fito: aya ta 2, 3, 4, 6, 9, 12 da 13. Gumaka kuwa da sunansu sau biyu ne, a aya ta 3 da ta 4, sai zancen cin abinci a tuddai a aya ta 9. Ranar da na fara yin wannan ƙidayar na ji kunya, domin na yi awa guda a kan abin da aka ambata sau biyu, ban ce uffan ba a kan wanda aka ambata sau bakwai.

Kada kuma ka zame zuwa ɗaya gefen ka ce ashe bautar gumaka ba ita ce damuwar ba. Duba aya ta 3 da ta 4 da kyau: jini da gumaka tare aka ɗaure su, kamar tagwaye, jinin ya sa birnin ya zama mai laifi, gumakan suka sa ya ƙazantu. Sannan jerin duka ya ƙare a aya ta 12 da magana ɗaya, cewa sun manta da Ubangiji. Wannan ce saiwar. A wurin Ezekiyel, wanda ya canja abin bautarsa ya canja yadda yake ganin maraya, domin Allahn da ya ce kada a cuci baƙo shi ne wanda aka juya wa baya. Wani lokaci ma abu ɗaya ne a zahiri: 23:37-39 ta ce sun yanka 'ya'yansu ga gumaka, a ranar kuma suka shigo Haikali. Irmiya 7:31 ya faɗi wurin, Tofet, a kwarin ɗan Hinnom, dab da birnin.

In kana son jinin nan ya sami fuska, ba sai ka ƙirƙiro labari ba. Manassa ya yi shekara 55 yana mulki, aka ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi daga wannan gefe zuwa wancan (2 Sarakuna 21:16). Sarki Yehoyakim, mahaifin Yehoyakin, ya gina gidan sama da katakon al'ul ya hana ma'aikata ladansu (Irmiya 22:13-17), ya kuma aika har Masar aka kamo annabi Uriya ya kashe shi (Irmiya 26:20-23). Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na Irmiya 34, ko da yake ya faru bayan wannan surar da kaɗan. Da yaƙi ya matsa, Zadakiya da manyan gari suka yi alkawari a Haikali suka 'yanta bayinsu Ibraniyawa. Da sojojin Babila suka ɗan janye, sai kowa ya bi nasa ya kamo.

Na biyar: ka je ka ga gumakan da idonka

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mu zaci mutanen Urushalima sun rufe Haikali sun koma wani addini. Ba su rufe ba. Ƙari suka yi. Ka ajiye sura 22 ka karanta sura 8, wahayin shekara ta 592, inda aka zaga da Ezekiyel cikin Haikalin aka nuna masa abu huɗu. Gunki a ƙofar arewa. Sai wani ɗaki da sai da ya huda bango ya shiga, ya tarar da dattawa 70, kowa da kaskon turare a hannu, bango cike da zanen dabbobi da masu rarrafe. A cikinsu har da Yazaniya ɗan Shafan, Shafan kuwa shi ne sunan magatakardan da ya karanta wa sarki Yosiya littafin Shari'a lokacin gyaran addini na shekara ta 622. Sai mata zaune suna makokin Tammuz, wani allahn Mesofotamiya. Na ƙarshe, maza wajen 25 tsakanin shirayi da bagade, sun ba Haikali baya sun fuskanci gabas suna yi wa rana sujada.

Abin da dattawan nan ke faɗa a duhu shi ne mabuɗin: Ubangiji ba ya ganinmu, ya rabu da ƙasar (8:12). Ba gardamar tauhidi suke yi ba. Tsoro ne ya kama su, sun ga an kwashe sarki, sai suka shiga neman kariya ta ko'ina, a jefa ƙafa nan a jefa can. Zafaniya 1:5 ya kwatanta irinsu, masu rantsuwa da Ubangiji su kuma rantse da Milkom, gunkin Ammonawa. A Hausa muna da kalmar da ta yi daidai da wannan, wadda maƙwabtanmu Musulmi suka fi amfani da ita: shirka, haɗa Allah da wani. Masu tonon ƙasa ma sun samo ɗaruruwan ƙananan siffofin mata na yumɓu a gidajen Yahuza na wancan zamani, har cikin Urushalima, wato abin ya shiga ɗaki, bai tsaya a kan tudu ba.

Kalmar da Ezekiyel ya fi so wajen kiran gumaka ita ce gillulim, ya yi amfani da ita kusan sau 40, fiye da sauran Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Masana da yawa suna danganta ta da kalmar kashin dabba. Fassararmu ta yi masa ladabi ne. A 14:3 kuma ya ce wasu dattawan da suka zo zama gabansa a Babila, nesa da kowane tudun tsafi, sun kafa gumakansu a zuciya. Wannan ayar ce gadar da za ka bi zuwa Kolosiyawa 3:5, inda Bulus ya kira haɗama bautar gumaka.

Na shida: cika gidan da ka bari fanko

Annabi ba sabuwar doka yake kawowa ba, tsohon alkawari yake tunatarwa. Ezekiyel kuwa firist ne, Littafin Firistoci a bakinsa yake. Ka buɗe sura 18, 19 da 20 na Firistoci ka bi jerinka: laifofin cikin dangi suna 18 da 20, girmama iyaye, Asabar, tsegumi da baƙo suna 19, ruwan bashi yana 25:36-37, maraya da gwauruwa suna Fitowa 22:22, hanci don kisa yana Maimaitawar Shari'a 27:25. Hukuncin ma, warwatsawa cikin al'ummai, an riga an faɗe shi a Firistoci 26 da Maimaitawar Shari'a 28. Aikin minti 20 ne, amma shi zai ba ka amsa ranar da wani saurayi ya tambaye ka ko Allah bai yi tsanani ba.

Na bakwai: misalan

Saƙo na biyu na maƙera ne, kuma in a garinku akwai maƙerin farfaru, je ka zauna wurinsa rabin awa kafin ranar nazari. Ka ga yadda yake zuba ƙarfen a ɗan kasko, yaro na zuga, wuta na canja launi, datti na tasowa sama yana kwashewa. Ka tambaye shi me yake yi da abin da ya kwashe. Zai nuna maka bayan rumfa.

Yawancin lokaci in Littafi ya kawo misalin nan, kamar a Ishaya 1:25 ko Malakai 3:3, ana sa wuta ne don azurfa ta fito. Mu ma haka muka saba wa'azinsa. Ezekiyel ya juya shi. Ya ce gidan Isra'ila gaba ɗaya sun zama dattin, tagulla da kuza da baƙin ƙarfe da darma, abin da mu za mu kira kashin maƙera. Sannan tanderun ita ce Urushalima da kanta. In yaƙi ya taso mutanen ƙauye cikin ganuwa suke gudu don su tsira. Aya ta 19 ta ce Allah ne ke tattara su a ciki, kamar yadda maƙeri ke tara ƙarfe. Kada ka sassauta wannan ka ce ai tacewa ce. A waɗannan ayoyi shida ba a ce azurfa ta fito ba.

Misali na biyu farar ƙasa ce, a aya ta 28. Bayaninsa na 13:10-15: mutane sun gina katanga mara ƙwari, annabawa suka bi ta da farar ƙasa, suna cewa lafiya alhali ba lafiya. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san katangar da aka shafe ba a yaɓe ba, ya kuma san abin da ruwan Agusta ke yi mata.

Na uku shi ne wanda kowa ya haddace, aya ta 30: Allah ya nemi mutum ɗaya da zai gyara garun ya tsaya a gibin saboda ƙasar, bai samu ba. An saba ɗaukarta ayar masu addu'a, kuma akwai hujja, domin Zabura 106:23 ta ce Musa ya tsaya a gibi lokacin ɗan maraƙin zinariya, da roƙo kuwa ya tsaya. Amma ka lura aiki biyu aka ambata, gyaran garu da tsayawa. Ka kuma lura Irmiya na raye cikin birnin a lokacin, mai addu'a ne, har sau uku aka ce masa ya daina roƙo domin mutanen (7:16, 11:14, 14:11). A ganina, tunda ayar ta zo ne bayan an bi masu riƙe da gari ɗaya-ɗaya, wanda ake nema shi ne mai iko a hannu da zai ce a'a: alƙalin da zai ƙi hancin, firist ɗin da zai faɗi gaskiya, basaraken da zai mayar wa gwauruwa gonarta. In ka koyar da ita a matsayin kiran azumi da addu'a kaɗai, ka bar rabin garun a rushe.

Na takwas: su wa aka kira da suna

Daga aya ta 25 zuwa ta 29 rukuni biyar ne. Na farko ka gwada fassarorinka biyu, domin rubutun Ibrananci ya ce annabawa, tsohuwar fassarar Girkanci ta ce sarakuna, kuma aikin da aka kwatanta, zaki mai cinye mutane ya kwashe dukiya ya yawaita gwauraye, ya fi kama da na masu sarauta. Sai firistoci, waɗanda ba su bambanta tsattsarka da abin yau da kullum ba, aikin da Firistoci 10:10 ta ɗora musu. Sai hakimai kamar kyarketai, sai annabawa masu farar ƙasa, sai jama'ar ƙasa, waɗanda su ma suke cutar matalauci da baƙo. Daga sama aka faro, amma ba a tsaya a sama ba. Ajinka zai so a tsaya a kan shugabanni, za ka ji ɗakin ya ɗau zafi. Ka bar su su yi, sannan ka sa wani ya karanta aya ta 29 a hankali.

Na tara: kawo ta gida ba tare da ka yi mata ƙarya ba

Nan ne ake zamewa, don haka ga iyakokin da nake bi.

Isra'ila ta yi alkawari da Allah a Sina'i, an kuma yi mata shari'a da wannan alkawarin. Najeriya ko Nijar ko Ghana ba su tsaya a gindin dutsen nan ba. Ba za ka ɗauko Ezekiyel 22 ka cire Urushalima ka sa sunan ƙasarka kai tsaye ba. In kana son ganin abin da Allah ke tuhumar sauran al'ummai da shi, buɗe Amos 1 da 2. Dimashƙu, Gaza, Taya, Edom, Ammon da Mowab, ba wadda aka tuhuma da gunki a wurin. An tuhume su da sayar da mutane gari guda, da karya alkawarin 'yan'uwantaka, da farke cikin mata masu juna biyu don faɗaɗa iyaka. Amos ya bari masu sauraronsa, Isra'ilawa, suka gama jin daɗin faɗuwar maƙwabta, sannan ya juyo kansu da tuhuma mafi tsawo, ya ce don su kaɗai aka sani a cikin kabilan duniya shi ya sa za a hukunta su (3:2). Maganar gumaka ta 'yan gida ce. A Ezekiyel 9:6 an ce wa masu hukunci su fara daga Haikali, suka kuwa fara da dattawan da ke gabansa. 1 Bitrus 4:17 wannan ya maimaita. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma surar nan an rubuta ta ne don mutum ya dubi wanda yake takawa.

Iyaka ta biyu: Ezekiyel an gaya masa dalilin faɗuwar Urushalima, kai ba a gaya maka dalilin ambaliyar bara ko harin da aka kai wa wani ƙauye ba. A ajinka wataƙila akwai wadda ta gudo daga garinsu da goyo. Kada ka kuskura ka ce mata zunubin garinsu ne. An kawo wa Yesu irin wannan a Luka 13:1-5, ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba, ya mai da maganar kan masu tambayar.

Ta uku, laifin al'umma bai shafe alhakin mutum ɗaya ba, bai kuma rufe ƙofa ba. Mutanen Ezekiyel suna da karin magana, wai iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu. Sura 18 duka amsarta ce: kowa da nasa, kuma Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu. A sura 9 ma kafin a fara hukunci sai da mai tufafin lilin da gafakar tawada a ɗamara ya bi gari yana sa alama a goshin masu baƙin ciki da abin da ake yi. Irmiya 18:7-10 ya shimfiɗa ƙa'idar a fili: in Allah ya yi maganar tumɓuke al'umma ta kuwa juyo, zai fasa. Ya taɓa faruwa. Annabi Mika ya ce za a nome Sihiyona, wato Urushalima, kamar gona, sarki Hezekiya ya ji tsoron Allah aka ɗage, bayan kusan shekara 100 dattawa suka tuna da wannan suka ceci ran Irmiya da shi (Irmiya 26:17-19).

Tambayoyin da za ka kai aji, saboda haka, su zama na ɗakin. A cikin jerin aya ta 6 zuwa ta 12, wanne ne muke yi har mun daina jin shi laifi ne? In tsoro ya kama mu, ina muke zuwa da dare bayan mun je sujada da safe? Wa ke bin mu kuɗin aiki? Gonar wace gwauruwa ce ke hannun dangin mijinta, muna kuma zama benci ɗaya da su?

Ranar nazarin

In minti 60 gare ka, ga yadda nake raba shi, kai ma ka gyara daidai da mutanenka. Minti 10 na karatu da murya, mutum uku, kowa da saƙo ɗaya. Minti 5 na shekarun nan da inda Ezekiyel yake, kada ka wuce haka ko da kana jin daɗin tarihin. Minti 20 su cika gidan laifi da kansu a allo, su yi ƙidayar jini da gumaka da hannunsu; kada ka faɗa musu adadin, bari su gano. Minti 10 na maƙeri da garu. Sauran na tambayoyi da addu'a. In akwai yara a wurin, aya ta 10 da ta 11 ka taƙaita su da cewa lalata cikin dangi, manya su karanta a gida.

Za ka ji sha'awar rufewa da 36:26, sabuwar zuciya da sabon ruhu, don kada mutane su tashi da nauyi. Ka ambata cewa tana nan gaba, har ma ɗaukakar Ubangiji da ta bar Haikali ta tsaya a dutsen gabas a 11:23 ta komo ta ƙofar gabas a sura 43. Amma shi Ezekiyel bai buɗe wannan babin sosai ba sai bayan da wani da ya tsira ya iso Babila a shekara ta 12 ya ce masa an ci birnin (33:21). Tsakanin sura 22 da wannan ranar akwai shekaru, akwai mutuwar matarsa da aka hana shi yi wa makoki a sura 24. Ni dai nakan bar ajin a aya ta 31, in ba su sura 18 da 33 su karanta kafin mako mai zuwa, in kuma roƙi kowa ya dawo da takardarsa mai gida huɗu.